LISSAFIN DA YARA KE GUDU, SHI KE AUNA FILIN IYAYENSU

Duk mutumin Barno da ke zaune a Kurmi, ko a Agege yake ko Sabon Badun ko Fatakwal, in aka ambaci G.R.A. ta Maiduguri, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne inuwar maina da titunan nan miƙaƙƙu waɗanda mutum ke tsayawa a wannan baki ya hango wancan. A nan Gidan Gwamnati yake, a nan kuma manyan ma'aikata da attajirai suka yi gidajensu. Amma kaɗan ne ke tuna cewa kafin a aza tubali ko ɗaya a unguwar nan sai da aka zana ta a takarda, da rula da fensir da kamfas, watau kayan nan da ke cikin ɗan gwangwanin da ake saya wa yaro ran da zai shiga sakandare.

A shekarar 1907 ne Shehu Garbai ya baro Kukawa ya zauna Yerwa, Turawa kuwa suka kafa nasu bariki can gefe. Garin Shehu yana da tsarinsa tun na kaka da kakanni: fada tana duban yamma, dandal ya miƙe daga ƙofarta, unguwanni su jeru dama da hagun. Bariki kuwa safiyo ne ya yanka shi. A 1917 Gwamna Lugga ya yi dokar garuruwa, kuma ƙa'idar da aka shimfiɗa wa barikokin Nijeriya a zamanin ita ce a bar fili fayau mai faɗin yadi 440, watau rubu'in mil, tsakanin mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa, wai don kada sauro ya ɗebo zazzaɓi daga can ya kai musu. Sauro dai bai yi makaranta ba, balle ya san yadi. Turawa sun tafi, dokar ta mutu, amma layukan da safiyo ya ja suna nan, har ma akwai titi a tsohuwar G.R.A. da ake kira Circular Road, ma'ana hanya mai zagaye.

To, manyan filayen nan na da yanzu yanka su ake yi ana sayarwa, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin mai ƙaramin hali. Mutumin da ya yi shekara goma yana tsire ko gadi ko fataucin shanu a Ikko, in ya tara abin da ya tara, can bayan gari yake neman fuloti, ta hanyar Damboa ko ta hanyar Kano. Sau da yawa kuwa ba ya ko zuwa. Kuɗi yake aikawa, a aiko masa da hoton fili ta waya, ya ga turaku huɗu da ciyawa, ya yi hamdala. A daidai nan ne lissafin makaranta ke shiga aljihunsa, ko ya sani ko bai sani ba.

HAMSIN DA ƊARI

Fulotin da aka fi sani shi ne mai faɗin ƙafa 50 da tsawon ƙafa 100. In aka ninka 50 sau 100 sai a sami 5,000, watau in da za a shimfiɗe filin da tayil mai ƙafa ɗaya ta kowane gefe, guda 5,000 zai ci. Wannan adadi shi ne ainihin abin da mutum ya saya, kuma shi masu lissafi ke kira murabba'in ƙafa.

A ce dillali ya zo da maganar rabin fuloti, ya ce faɗi 25, tsawo 50, ai ga shi an raba komi biyu. Wanda bai yi tunani ba sai ya biya rabin kuɗi. Alhali kuwa 25 sau 50 shi ne 1,250, rubu'in fuloti ke nan. Rabi na gaskiya shi ne 50 da 50, wanda ya ba da 2,500. Gefe guda kaɗai ake rabawa in rabi ake nema, in aka raba duka biyun an raba fili huɗu.

Akwai kuma rikicin ƙafa da mita. Nijeriya ta koma awon mita tun cikin shekarun 1970, takardun safiyo da mita ake rubuta su, amma a bakin dillalai har yau ƙafa ake ciniki da ita. Ƙafa 50 mita 15.24 ce, ƙafa 100 kuwa mita 30.48, saboda haka cikakken fuloti murabba'in mita 464 da rabi ne. In takarda ta ce mita 15 da mita 30, to 450 ke nan, an rage 14 da rabi, wajen girman ɗakin kwana guda. Wani lokaci ba cuta ba ce, haka aka yanka unguwar duka, amma ya kamata mai saye ya san wanne ya biya.

Wanda ya fi waɗannan wuyar ganewa shi ne fili mai karkata. Ana iya auna gefe huɗu a sami 50, 100, 50, 100 daidai wa daida, amma filin bai cika ba, don kusurwoyinsa ba su tsaya cak ba. In gefen nan mai ƙafa 50 ya kwanta da ƙafa 14, ainihin faɗin filin ya koma 48, kuma 48 sau 100 shi ne 4,800. Murabba'in ƙafa 200 sun tafi, alhali ɗaki mai 12 da 12 guda 144 kaɗai yake ci. Ido ba ya kama wannan a fili mai ciyawa, balle a hoton waya.

Magina sun daɗe da sanin maganinsa. Birkila ya kan kafa turke a kusurwa, ya auna ƙafa 3 ta wannan gefe, ƙafa 4 ta wancan, sa'an nan ya ja tef tsakanin alamun biyu. In ya sami 5 cif, kusurwa ta tsaya. In ya ɗara ko ya gaza, sai a gyara igiya. Dalili kuwa shi ne 3 sau 3 tara ne, 4 sau 4 goma sha shida ne, a haɗa su 25, wanda shi ne 5 sau 5. Wannan ita ce ƙa'idar da littattafan sakandare ke jingina wa Fitagoras, mutumin Girka, ko da yake mutanen Babila sun san ta fiye da shekara dubu kafin a haife shi. Abin mamaki shi ne, ɗan birkila yana riƙe wa ubansa tef ran Asabar, ran Litinin a zana masa alwatika a allo a ce ya nemo gefe na uku, ya zuba wa allo ido kamar bai taɓa ganin irinta ba.

Haka nan maganar katanga. Kewayen fuloti mai 50 da 100 ƙafa 300 ne. Bulo tsawonsa inci 18 ne, ƙafa ɗaya da rabi, saboda haka layi guda bulo 200 yake ci, layi goma 2,000. A ƙara na fandisho da wanda zai fashe, a ɗebe gurbin ƙofa. In aka bugo waya daga gida aka ce katanga mai layi goma ta ci bulo 3,000, mai gida yana da damar ya tambaya ina sauran suka shiga.

HARAFIN DA KE FIRGITA YARA

In an bar awon fili, abin da ya fi kayar da yara a aji ɗaya da aji biyu na sakandare shi ne ranar da harafi ya shigo cikin lissafi. Yaro ya saba da lambobi, kwatsam sai malami ya rubuta 7x + 300,000 = 2,400,000, ya ce a nemo x. Daga ran nan yara da yawa ke sallama da lissafi har abada.

Alhali kuwa duk malamin zaure da ya taɓa raba gado ya warware irin wannan. A ce mutum ya rasu ya bar Naira 2,400,000 bayan an biya bashi da wasiyya, magadansa kuwa mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu, mata uku. Matar tana da sumuni, ɗaya bisa takwas, watau 300,000. Saura 2,100,000. Namiji yana da rabon mata biyu, saboda haka maza biyu kaso huɗu, mata uku kaso uku, jimla kaso bakwai. A raba 2,100,000 gida bakwai, kowane kaso 300,000. Kowace 'ya ta ɗauki 300,000, kowane ɗa 600,000. To, x ɗin nan da ya hana yaro barci shi ne kason 'ya mace, kuma matakin da malamin zaure ya bi, ya fara fid da sumuni sa'an nan ya raba, shi ne daidai matakin da littafi ke koyarwa.

Wannan kamanni yana da tarihi. Kalmar aljabara daga sunan littafin Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, kuma kusan rabin littafin kan gado da wasiyya yake. Jabaru a Larabce har ɗorin karaya ake nufi da shi, a mai da abin da ya goce gurbinsa. Ƙa'idar guda ce, kuma kowane mahauci mai sikeli ya san ta: alamar daidai ita ce tsakiyar sikeli, abin da aka ɗebe a wannan faranti dole a ɗebe shi a wancan, in an raba nan a raba can.

Ƙasar Hausa da Barno ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, Bafillacen Katsina, wanda cikin malamansa akwai Muhammadu Alwali na Bagarmi, maƙwabtan Barno, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake jera lambobi cikin gidajen hatimi ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. A Alƙahira ya rasu a 1741, yana koyarwa. A zamanin boko kuma akwai Farfesa Iya Abubakar, mutumin Adamawa, wanda ya yi karatun lissafi a Badun da Kambirij ta Ingila, ya shugabanci sashen lissafi na Jami'ar Ahmadu Bello, sa'an nan ya shugabanci jami'ar kanta daga 1975 zuwa 1978. Masu cewa ɗan Arewa ba shi da kan lissafi, sai su je kasuwar Mile 12 da asuba su tsaya kusa da dillalin albasa.

LAYI BIYU A TAKARDA

Saura zanen nan da ake kira giraf, wanda ake sa yara su yi a takarda mai ƙananan gidaje. Shi ma falke ya fi kowa bukatarsa. A ɗauki misalin mai ɗauko banda daga Tashar Baga ta Maiduguri zuwa Anaca ko Ikko, kuɗin da za a ambata kuwa na misali ne kawai. Direba na farko ya ce shata ce, Naira 600,000, ko kwali nawa aka loda. Na biyu ya ce a ba shi 100,000 na tashi, sa'an nan 2,500 kan kowane kwali. Wanne ya fi sauƙi?

Sai a ja layi a kwance a jera yawan kwalaye, a ja wani a tsaye a jera Naira. Kuɗin direba na farko ba ya motsi, saboda haka layinsa a kwance yake tafiya a kan 600,000. Na biyu ya tashi daga 100,000 yana hawa: a kwali 100 ya kai 350,000, a kwali 200 ya kai 600,000, a kwali 240 ya kai 700,000. Layukan biyu sun gamu a kwali 200. Mai kaya ƙasa da haka ya bi direba na biyu, mai fiye da haka ya ɗauki shata. Tsohon falke da ka yake yin wannan, yana jan carbi. Abin da giraf ya ƙara masa shi ne ya ga dukan amsoshin a takarda guda, ya kuma iya nuna wa abokin tarayyarsa ba tare da musu ba.

INA AKA SAMI MATSALA?

In haka ne, me ya raba yaro da lissafin da ke cikin gidansu? Wani sashe na amsar yana cikin tarihin makarantun ƙasar nan. Dattawan da suka yi elemantare kafin 1973 da fam da sule da kwabo suka koyi lissafi, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, aiki mai wuya ƙwarai amma wanda kasuwa ke maimaita musu kullum. Tun 1962 kuwa masana daga Afirka da Amurka da Ingila suka fara taruwa a Entebbe ta ƙasar Yuganda suna tsara abin da aka kira lissafin zamani, kuma Farfesa Grace Alele-Williams tana cikin waɗanda suka jarraba shi a makarantun Ikko. Niyyar mai kyau ce, a koya wa yaro dalili maimakon hadda. Amma aka baza shi ƙasa duka ba tare da an horad da isassun malamai ba, uba ya buɗe littafin ɗansa ya tarar da da'irori masu shiga juna da ƙirga mai lamba biyu kaɗai, ya rufe ya miƙa masa. A watan Satumba na 1976 aka buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika azuzuwa fiye da yadda aka zata, aka ɗebo malamai da gaggawa. A Janairun 1977, a wani taro a Benin, Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya ba da sanarwar soke lissafin zamani. An sake manhaja daga baya, amma al'adar nan ta uba ya ɗauka lissafin makaranta ba huruminsa ba ne ta riga ta zauna.

Sai kuma harshe. Yaron Maiduguri da Barbarci ko Hausa ko Larabcin Shuwa ko Baburanci ko Margi yake tunani, tambayar jarrabawa kuwa da Turanci take zuwa, sau da yawa cikin labari mai layi huɗu. Yaro ya iya rabawa da ninkawa sarai, amma bai gane me ake tambaya ba. Farfesa Babs Fafunwa ya jarraba wannan a Ife daga 1970, inda aka koya wa wasu yara darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, da lissafi a ciki, aka kuwa ga ba su gaza takwarorinsu ba, sun ma fi su a fannoni da dama. Gwamnatin Tarayya ta yi manufar koyarwa da harshen uwa a firamare a 2022, ta kuma soke ta a Nuwamban 2025.

Barno tana da nata ƙarin nauyi. A watan Maris na 2014 gwamnatin jiha ta rufe makarantun sakandare saboda hare-haren Boko Haram, da yawa daga na cikin Maiduguri suka zama masaukin 'yan gudun hijira, wasu sun yi shekara biyu ba a ja alli a cikinsu ba. Ran 10 ga Satumba 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange da Shehuri da Kasuwar Monday har da wani sashe na G.R.A., aka sake rufe makarantu, wasu suka sake zama masauki. Shi kuwa lissafi irin ginin bulo ne, layi a kan layi. Yaron da ya rasa zangon da aka koyar da kaso, ba zai tsaya ba ran da aka zo aljabara, ko da malaminsa gwani ne. Makarantun kuɗi na G.R.A. da kewayenta suna iya cike giɓin da darasin yamma. Ɗan talaka na Bulabulin kuwa sai wanda Allah ya haɗa shi da malami mai haƙuri.

A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ce masu neman shiga jami'a a fannin adabi da harsuna da makamantansu ba sai sun ci lissafi da kiredit ba, bayan 'yan kwanaki kuma ta yi ƙarin bayani cewa duk da haka kowane ɗalibi sai ya zauna jarrabawarsa. Wasu iyaye sun yi murna, amma sauƙin bai shafi mai son likitanci ko injiniya ko awon ƙasa a Jami'ar Maiduguri ko Kwalejin Ramat ba, waɗannan kuwa su ne ayyukan da garin da ake sake ginawa ya fi nema.

Uban da ke Kurmi ba ya iya zama kusa da ɗansa kowane dare, amma yana buga waya gida, kuma abin da ya fi yawa shi ne ya tambayi lafiya da kuɗin makaranta ya kashe. Da zai riƙa jefa wa yaro lissafin sana'arsa da harshen gida, nawa na sayo, nawa mota ta ci, nawa zan sayar in fita, ya ce ya rubuta masa shi da x irin na makaranta, da yaron ya gane cewa abu guda ne aka sa wa riga biyu. In kuwa akwai fili da aka saya, ɗan aji uku na ƙaramar sakandare ya isa a aike shi da tef da ƙaninsa ya riƙe masa baki. Ya auno gefe huɗu, sa'an nan ya auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke dubanta, ta nan da ta can. A fuloti mai 50 da 100 wanda ya tsaya daidai, awon biyu za su zo ɗaya, ƙafa 111 da wajen inci 10. A filin nan mai karkatar ƙafa 14 kuwa, ɗaya zai ba da kusan 124, ɗayan 98 da rabi, sai a kira dillali tun ba a haƙa fandisho ba.